Idan firinta ta daina amsa wa kwamfuta ta Wi-Fi

Masu shagon kwamfuta a Ringim ko Ɗambatta sun san wannan ciwon kai: ka tura takarda firinta ta yi gum, ko ta buga amma ba ka ganin saura tawada nawa. Saƙo na tafiya, amsa ce ba ta dawowa.

Da farko, tabbatar dukansu kan Wi-Fi ɗaya suke. In daga wayarka kake raba musu, mayar da shi 2.4 GHz, don firintoci da yawa ba sa ganin 5 GHz.

Sai ka kashe firinta da rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi), ka jira minti ɗaya, ka fara kunna rauta.

Na ukun nan ya fi wahalar da mutane. In aka ɗauke wuta aka tada janareta, rauta kan ba firinta sabuwar lambar IP (adireshinta a kan Wi-Fi), kwamfuta kuwa tana can tana kiran tsohuwar. Buga shafin bayanin sadarwa daga firinta, ka gwada lambar da wadda ke ƙarƙashin Ports a Printer properties na kwamfutar Windows; in sun bambanta, ka sa sabuwar. A nan ɗin ka sa alama kan Enable bidirectional support, wato ka ba firinta damar mayar wa kwamfuta amsa.

In duk ya ƙi, cire direban (manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita), ka sauko da cikakkensa daga shafin kamfanin.