Darasi na Bakwai: Kankana Marar 'Ya'ya

Idan bazara ta kama, kankana kan cika kasuwa. Wani lokaci, musamman a manyan kantunan birni, akan samu wadda in an yanka ba a ganin baƙaƙen 'ya'yan nan. Wasu suna gudunta, wai allura aka yi mata. Ba haka ba ne.

Kun san alfadari. Jaki da goɗiya ne iyayensa. Ga ƙarfi, amma ba ya haihuwa. Haka wannan kankana take: iri biyu na kankana aka haɗa, sai aka samu 'yar da ba ta yin ƙwaya. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Hitoshi Kihara, shi ya bayyana wannan dabara a 1951. Fararen abubuwa masu laushi da ke cikinta ɓawon 'ya'ya ne da ba su ƙosa ba. A haɗiye su, ba komai.

Me ke cikinta? Abin da ke cikin tamu ta gida. In aka kasa kankana kashi 100, kusan 92 ruwa ne, shi ya sa take kashe ƙishi ga mai noma da mai buɗa baki. Akwai bitamin C mai taimakon jiki yaƙi da cuta da warkar da rauni. Akwai bitamin A na lafiyar ido, da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata. Jan launin nan kuwa daga wani sinadari ne mai suna laikofin, irin na tumatir. Don haka kada tsada ta ruɗe ku, marar 'ya'ya ba ta fi mai 'ya'ya amfani ba. Sauƙinta dai, ƙaramin yaro ba zai shaƙe da ƙwaya ba.

Inda na fi damuwa shi ne tsabta. Yankakkiyar kankana da ta wuni a faranti, rana na duka, ƙuda na sauka, tana iya jawo gudawa. Ku sayi guda sukutum. A duba nunanniya, wato mai nauyi, wadda gefen da ya kwanta a ƙasa ya yi rawaya. A wanke bayanta da wuƙar kafin a yanka. In babu firij, a shanye da zarar an yanka.

Mai ciwon suga ya sha kaɗan. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kawai. Yaro mai gudawa kuma, ruwan gishiri da sukari yake buƙata, kankana ba ta maye gurbinsa.

Aiki: Rubuta kalmomin nan sau uku a littafinka: kankana, ƙishi, tsabta. Sannan ka gaya wa na kusa da kai yadda ake gane nunanniyar kankana.