Yadda ake tara tsofaffin fina-finan ban tsoro da na 'yan pank a karkara

Shekara shida na yi ina zama a shagon caji da tura fina-finai a wani ƙauye da ke kan hanyar Ringim, kuma a tsawon lokacin na ga samari da dama sun fara tara irin waɗannan fina-finai da zafinsu, bayan wata uku ka tambaye su ina tarin, sai su fara sosa ƙeya. Da yawansu sun samo abubuwa masu kyau da ni kaina ban taɓa gani ba. Matsalarsu ajiya ce. Ba zan tsaya koya maka yadda ake tura fim daga waya zuwa waya ba, wannan ko ɗan firamare ya iya Xender.

Ka fara da gyara bakinka. Turawa suna kiran wannan rukuni da kalmar cult, wadda a nan Najeriya aka fi saninta da ƙungiyar asiri, to kada ka kuskura ka furta ta a majalisa, kafin gari ya waye Baba ya ji labarin ɗansa ya shiga matsafa. Abin da ake nufi shi ne fim ɗin da aka yi da ɗan kuɗi kaɗan, sau da yawa bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito, amma wasu tsirarun mutane suka riƙe shi suna maimaita kallo shekara da shekaru. Kai dai ka ce tsofaffin fina-finan ban tsoro, an wuce wajen. Shi kuma pank wani salon kiɗa ne da ya taso a biranen New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970, na matasa marasa aikin yi masu jin haushin manya, waƙoƙinsu gajeru, da hayaniya, tufafinsu a yayyage, gashi a miƙe kamar zankon zakara. Abin da ya haɗa su da fina-finan ban tsoro shi ne talauci da taurin kai: dukansu ba su jira wani mai kuɗi ya ba su izini ba, da abin da ke hannu suka yi aiki. Duk wanda ya san yadda aka fara fim ɗin Hausa a kaset da kyamara ɗaya a farkon shekarun 1990 ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Daga nan sai ka zaɓi layi ɗaya. Ɗaya tak na ce. Sabon shiga yakan je wajen mai tura fim ya ce a cika masa memori da horo, wato fina-finan ban tsoro, sai a zuba masa duk tarkacen da ke cikin kwamfuta, rabi sababbin fina-finai ne masu ƙarar banza da fatalwar kwamfuta. Wannan juji ne. In ni ne kai, da Indiya zan fara, don kunnenmu ya saba da ita tun zamanin silima. Akwai wasu 'yan'uwa su bakwai da ake kira Ramsay a Bombay, su suka riƙe harkar ban tsoro a can tun daga 1972, kuma Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988 su ne ƙofar shiga. Za ka ga tsohon gida, da dodo mai fuskar roba, da waƙa a tsakiyar tashin hankali. In kuwa fim ɗin Canis ka taso da shi, nemi Mr. Vampire na 1985 daga Hong Kong, inda gawarwaki ke tsalle da hannuwa a miƙe, ana manna musu takardar laya a goshi su tsaya cak. Wanda ke son Amurka ya fara da Night of the Living Dead na George Romero, 1968, baƙi da fari, mutane sun maƙale a wani gidan gona a ƙauye matattu sun kewaye su, kuma jarumin baƙar fata ne, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Daga shi sai Return of the Living Dead na 1985, wanda a nan ne 'yan pank da gawarwaki suka haɗu a maƙabarta ɗaya. Ka ga layin ya kai ka pank ba ka sha wahala ba. Sai ka gama layi guda, ka san wa ya kwaikwayi wa, kafin ka tsallaka wani.

Maganar inda ake samu ba ta da tsawo. Fim ɗin Romero da na ambata kyauta ne halak malak, saboda kamfanin da ya rarraba shi ya canza masa suna ya manta bai sa alamar haƙƙin mallaka ba, sai ya zama na kowa. Shi da wasu tsofaffi irinsa suna nan a shafin intanet na Internet Archive. Wasu kamfanonin Indiya kuma sun ɗora tsofaffin kayansu a YouTube da kansu. Ka jira garaɓasar datar dare in akwai sabis a garinku, in babu ka haɗa da ranar da za ka shiga Dutse ko Kano. Kada ka yi kwaɗayin babban fayil. Fim ɗin da aka ɗauka da tsohuwar kyamara, za ka kalle shi a waya ko ƙaramar talabijin mai aiki da sola, ingancin hoto na 480 ko 720 ya ishe ka, wato tsakanin rabin giga zuwa giga ɗaya. Ga kuma tsofaffin faya-fayai da kaset. Ranar kasuwa, Juma'a a Wudil, Lahadi a Dambatta, Alhamis a Maigatari, ka riƙa leƙa shimfiɗar masu kayan gwangwan da tsofaffin rediyo. Ka kuma tambayi dattawan da suka taɓa riƙe gidan kallo ko shagon hayar kaset. Ka je da ladabi, ka gaisa sosai, ka ce, Alhaji, ko akwai sauran kayan nan na da a ɗaki? Wani zai ba ka buhu guda don ya huta da shi.

Yanzu ga inda na faɗi, kuma a nan nake so ka nutsu.

Shekara biyu ina tarawa a warwatse, wasu a waya, wasu a kwamfutar shago, wasu a filashin abokai. Ran nan a wata kasuwar ƙauye na ga mai tebur yana sayar da memori an rubuta giga 128 a jiki, kuɗinsa bai kai na giga 32 na kirki ba. Na ce yau na yi tsuntuwa. Na sa a waya, ta nuna 128 cif. Na kwana uku ina kwashe komai ina zubawa ciki, ina gamawa ina goge na asali don kwamfutar shago ta sarara. Sunayen duk suna nan a jere, girman kowane fayil daidai. Sai bayan sati biyu, da daddare, na danna wani fim da na sha wuya kafin na samu, waya ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Na danna na biyu, haka. Cikin fim sama da ɗari, waɗanda suka buɗe ba su kai goma ba. Daren nan ban runtsa ba, kuma ba fatalwa ce ta hana ni barci ba.

Ga abin da ke faruwa. Jabun memori ƙarami ne a zahiri, giga 8 ko ƙasa da haka, amma an taɓa ɗan ƙwaƙwalwar da ke cikinsa don ya riƙa gaya wa waya ƙarya cewa shi babba ne. Idan ka cika ainihin wurin da yake da shi, ba zai ce ya cika ba. Wani yakan koma farko ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho, wani kuma ya riƙa karɓar sabon yana watsarwa. Jerin sunaye a wani ɓangare daban yake zaune, shi ya sa kake ganin komai lafiya alhali rumbun wayam ne. Kuma abin da ya tafi ta wannan hanya ya tafi, babu mai gyaran da zai dawo maka da shi, kada ka ƙara asarar kuɗin mota.

Saboda haka duk memori ko filashin da ka saya, sabo ne ko tsoho, a shago ko a tebur, gwada shi kafin ka amince masa. In kana da damar kwamfuta, akwai wata 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika shi tam da bayanai sannan ta karanta ta gaya maka nawa ne na gaskiya. Tana ɗaukar awanni, ka bar ta ta gama, kada ka katse. In babu kwamfuta, yi da hannu: zuba fina-finan da kake da kwafinsu a wani wuri har sai ya cika maƙil, cire shi, mayar, sannan ka buɗe na farkon da ka zuba, da na tsakiya, da na ƙarshe. Kada ka tsaya a minti na farko, ja fim ɗin zuwa kusa da ƙarshe ka ga yana tafiya. Na ga masu gwadawa da fim biyu su ce lafiya lau. Ina! Fim biyu ai ko jabu zai riƙe. Ni yanzu ba na sayen abin da ya wuce giga 64, gara guda uku ƙanana da babba ɗaya, kuma in farashi ya yi daɗi fiye da kima sai in tuna cewa araha ba ta ado, in yi gaba.

Ko memorin na gaskiya ne, kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Biyu, a wuri biyu. Wanda ke cikin wayarka na kallo ne kawai, don waya tana zuwa shagon caji, tana faɗawa rijiya, ƙaninka yana ɗauka ya ga saƙon a yi fomatin ya danna to. Na biyun yana cikin gwangwani a ƙasan adaka, ba a taɓa shi sai ranar ƙari. Zafin bazara a nan yana haura digiri 40, kuma memori ba ya son a jefar da shi shekara da shekaru cikin zafi ba a jona shi ba, don haka ba a ajiye shi kusa da rufin kwano, kuma duk bayan 'yan watanni ka ciro ka jona ka buɗe wasu ka gani. In Allah ya hore maka had-disk, madalla, amma ka sani ciki faranti ne ke juyawa, faɗuwa ɗaya daga kan benci ko jijjigar acaɓa yana kunne ta isa ta kashe shi. Wani abu kuma, yawancin ƙananan memori suna zuwa da tsarin FAT32 wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. In ya ƙi karɓa ba lalacewa ya yi ba.

Ranar da fim ya shigo hannunka, ranar za ka sa masa suna: shekara, sunan fim, harshe. Masu turawa suna barin sunaye irin horo 1, horo sabo, kuma bayan wata shida ko kai ba za ka gane ba. Ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ka riƙa shigar da kowanne, da tsawon mintunansa. Tsawon yana da amfani, don waɗannan fina-finai an sha yanka su. A Ingila an yi doka a 1984 kan kaset ɗin bidiyo, a wannan tsakanin kuma aka jera fim 72 da hukuma ta sa wa ido, wasu aka hana, wasu aka datse, kuma irin waɗannan kwafi sun yawata duniya. Amma kada ka ga gibin minti huɗu ka yi ta kururuwa. Tsarin talabijin na PAL, wanda mu da Turai muke kai, yana tafiyar da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, sai fim mai minti 96 ya dawo kusan 92 ba tare da an cire komai ba.

Faifai kuwa a riƙe shi ta gefe, a goge daga tsakiya zuwa baki da tsumma mai laushi, ba a zagaye ba. Masu fim ashirin a faifai ɗaya ba na ƙirga su a tari, DVD giga 4.7 ne, raba ashirin ka ga abin da kowanne ya samu, ga shi fim ɗin dare ne, sai ka yi ta kallon duhu. Kaset a jera shi tsaye cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa saboda gara tana cin kwalinsa, da damina kuma ka duba ta tagarsa, in ka ga fari-fari fumfuna ce, kada ka sa a na'ura ta shafa wa sauran. Kwalin nan mai zanen dodo kada ka yar, wani lokacin ya fi fim ɗin kyau.

Kallo bayan isha'i ake yi, da abin ji a kunne ko sifika a hankali, don rabin tsoron a sauti yake, kuma katangar ƙasa ba ta ɓoye ihu, kada Inna ta fito da fitila tana salati. Manhajar VLC za ka sa, tana buɗe kusan komai kuma tana ɗaukar rubutun fassara. Ni ba na kallon waɗannan da fassarar baki, barkwancin mai fassara yana kashe tsoron. Kowane fim ka fara kallonsa kai kaɗai kafin ka kira abokai, musamman na 'yan pank da na shekarun 1980, akwai tsiraici da ashar a wasunsu, ka san inda za ka tsallake ko ka goge shi gaba ɗaya. Yara ba sa zama, ko sun yi kuka. Kuma kada ka mai da ɗakinka gidan kallo kana karɓar kuɗi, wannan hurumin hukumar tace fina-finai ne, a Kano tun 2001 take, ga Hisba ga mai unguwa.

In aboki ya ce ara mini memorin nan zuwa gobe, ce masa ya kawo wayarsa ka tura masa.