Yadda Dillali Zai Tunkari Mai Gidan da Wa'adin Tallarsa Ya Ƙare

A Amurka, mai son sayar da gida yakan ƙulla yarjejeniya da dillali ɗaya na wani wa'adi, galibi wata uku zuwa shida. Idan wa'adin ya cika gidan bai sayu ba, rumbun bayanan dillalai na MLS zai nuna tallar ta ƙare. Washegari wayar mai gida ba ta hutawa da kiran wasu dillalai, kowa na cewa shi ne gwani. Shi kuwa ransa a ɓace yake. Wata shida yana share falo, yana ɓoye kayan wasan yara, yana fita da iyalinsa duk sanda aka ce ga mai dubawa, ƙarshe gida ya yi kwantai. Wanda zai saurara shi ne wanda ya zo masa da dalili.

Da farko, tabbatar yarjejeniyar ta ƙare da gaske. Wani lokaci an janye tallar ne kawai, yarjejeniya na nan da ranta. Sashe na 16 na ƙa'idojin ƙungiyar dillalan gidaje ta NAR ya hana shiga tsakanin dillali da wanda yake wa aiki. Ka kuma tambaya ko akwai sharaɗin da ya ce idan mutumin da tsohon dillali ya kawo ya dawo ya saya, la'adarsa na nan.

Na biyu, kafin ka ɗaga waya, duba lambar a rajistar masu ƙin kiran 'yan talla, wadda hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta buɗe a 2003. Idan tana ciki, rubuta wasiƙa. Idan ba ta ciki, doka ta yarda da kira daga ƙarfe 8 na safe zuwa 9 na dare.

Na uku shi ne ainihin aikin, kuma nan ne da yawa ke ragwanci. Zauna da tsohuwar tallar ka tsefe ta. Hoton farko, an ɗauke shi da yamma labule a rufe? An rubuta girman gidan daidai? Sau nawa aka rage farashi, kuma yaushe? Sannan nemo gidaje uku ko huɗu masu kama da shi a unguwar, waɗanda aka sayar cikin wata shida da suka wuce. Waɗanda aka sayar nake nufi, domin kuɗin da mai gida ke nema daban, wanda aka biya daban. Sau da yawa farashi ne ya yi tsada tun ranar farko, har masu saye suka fara zargin akwai aibi.

Na huɗu, idan kun haɗu da mai gidan, tambaye shi: "A ganinka me ya hana gidan sayuwa?" Sai ka yi shiru. Kada ka kushe tsohon dillali, don mai gida ne ya zaɓe shi, kushe shi kushe mai gidan ne. Idan ya gama, shimfiɗa masa takardun, ka faɗi farashin da ka yarda da shi ko da bai yi masa daɗi ba. Ni dai gara in rasa aikin da in karɓe shi a farashin da na san ba zai sayu ba.

Idan ya ce ya gaji, zai huta, ka ƙyale shi. Nemi izinin aiko masa labari duk lokacin da aka sayar da gida a layinsu, kuma ka cika alkawarin.