Yadda za ka sa a yi maka shimfiɗar takalmi daidai ƙafarka don ciwon diddige

Shekara da shekaru ina tsayuwa a shago kusa da kasuwar Taminus a Jos, daga hantsi har magariba, a kan daɓen siminti. Da asuba ciwon ya fara nuna kansa. In na sauko daga gado zan yi alwala, takun farko sai in ji kamar ƙusa na taka da diddige. In na ɗan zagaya tsakar gida ya lafa, in na zauna na jima na miƙe ya dawo. Da hunturun Jos kuwa abin ba a cewa komai. Sau biyu aka auna ni aka yi mini shimfiɗar cikin takalmi, wadda ma'aikatan asibiti ke kira insol. Ta farko kuɗina ne suka tafi a banza, ta biyu ita nake takawa har yau. Daga baya na raka mutane da dama, 'yan kasuwa da malaman makaranta da wata ƙanwata nas, kuma kusan duk wanda ya ce abin bai yi masa aiki ba, inda na yi tuntuɓe nan shi ma ya yi.

Da farko a san mene ne ciwon

Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne a cikinta da gaɓoɓi 33. A ƙarƙashinsu akwai wata jijiya mai faɗi da tauri wadda ta taso daga ƙashin diddige ta bazu zuwa gindin yatsu, ita ke riƙe da kwarin nan na tsakiyar tafin ƙafa kamar tsirkiyar baka. In nauyi da tsayuwa suka yi mata yawa sai ta riƙa ɗan tsagewa a inda ta kama ƙashi. Cikin dare ta ɗaure, da safe ka taka ta buɗe, shi ne zafin takun farko. Irin wannan ciwo insol na taimaka masa, haka ma shafaffen tafin ƙafa mai jawo ciwon idon sawu ko gwiwa. Amma ciwon da ya taso daga ƙugu yana tsarga ƙafa kamar wutar lantarki, wannan daga ƙashin baya yake, kuma sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi farat ɗaya, wannan ranar za a kai ta asibiti.

Saboda haka ka fara da likitan ƙashi ko sashen gashin ƙashi. A nan Jos akwai asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, akwai na Jankwano, akwai asibitin ƙwararru na jiha. Su za su duba su tura ka wurin mai yin kayan tallafin gaɓoɓi. Wanda ke da hanya zuwa Kano, asibitin ƙashi na Dala yana da sashe guda na wannan aiki. In an yi hoto an ce maka wani ɗan tsinin ƙashi ya fito a diddigenka, kada hankalinka ya tashi. Mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai, kuma ba a cika yi masa aiki ba.

Maganar kuɗi kuma gara in faɗa tun yanzu: insol ta awo ta ninka ta kanti tsada sau da yawa. In ciwon sabo ne kuma ƙafarka ba ta da wata karkata, fara gwada ta kanti mai ɗan tauri da tudu a tsakiya na wata ɗaya ko biyu. Waccan mai laushi kamar burodi da ake tallarta a bakin titi kada ka saya, sati ɗaya take kwantawa.

Takalmi kafin awo

Nan ne na faɗi. Na je awo da silifas a ƙafata, babu wanda ya tambaye ni wane takalmi nake sawa, ni ma ban kawo zancen ba. Bayan sati biyu na karɓo insol mai kyan gani, na zo gida na tura ta cikin hafshu ɗin da nake sawa da kaftani. Ta shiga da ƙyar, diddigena ya ɗago sama da bakin takalmin, kowane taku sai ya zame. Na kai wa shumeka ya rage gefenta da wuƙa, ya yanke har da tudun da aka yi ta dominsa.

Insol ba ta aiki ita kaɗai. Sai takalmi ya kama ta ya kama ƙafar ya haɗa su wuri ɗaya. Don haka ka sayi takalmin kafin ranar awo, ka tafi da shi a hannu. Ni a wurina kambas mai igiya ne kawai, ko sau-ciki mai zurfi. In ka ɗauki takalmi a kasuwa, sa hannu ka ciro shimfiɗarsa ta asali. In an manne ta da gam ba ta fita, ajiye shi, don babu wurin da taka za ta zauna. Sannan ka matse bayansa da yatsu biyu, inda yake rungumar diddige. In ya lotsa kamar tsumma ba naka ba ne. Ka lanƙwasa shi: a gindin yatsu ya kamata ya lanƙwashe, in ya naɗe a tsakiya kamar tabarma babu abin da zai riƙe. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Kuma da yamma ake gwajin takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, da irin safar da za ka riƙa sawa.

Gwanjon kasuwar Katako yana da kambas masu ƙarfi da sauƙin kuɗi, ni ma can na sayi nawa. Sai dai ka ajiye shi a kan tebur ka duba shi ta baya. In dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya har ya karkata, tafiyar mai shi na farko ce a jikinsa, kuma ita zai koya wa ƙafarka.

Na san abin da ke hana mutanenmu takalmi mai igiya: sau biyar a rana za a cire a shiga masallaci. Shi ya sa ake take bayan takalmi a mayar da shi silifas, kuma da zarar an take shi ya tashi daga aiki. Nemi mai maɗauri irin na mannawa, ko ka ajiye silifas mai kaurin ƙasa a shago don alwala da zuwa sallah kawai. Ka tsane ƙafa sosai, har tsakanin yatsu, kafin ka mayar da ita ciki. Don kwalliyar Juma'a da biki, ka tambaya a yi maka siririyar insol wadda ta tsaya a gindin yatsu, tana shiga sau-ciki. Mata kuma, takalmin nan shafal mai ƙasa kamar takarda ya fi mai ɗan tudu illa ga wannan ciwo, haka yawo ba takalmi a kan tayil daga kicin zuwa ɗaki.

Ranar awo

Ka tafi da sabon takalmin da kuma tsohon da ka fi sawa, don cinyewar ƙasansa tana gaya wa mai awo yadda kake taku. Sa wando mai naɗuwa har gwiwa. Mai aikin kirki zai sa ka yi tafiya ba takalmi yana kallonka ta baya, ya danna inda ke ciwo, ya lanƙwasa idon sawu ya ga ko agararka ta ɗaure. Wanda ya yi mini ta biyu, da na miƙe zan taka abin awo da ƙarfina, sai ya ce, "A'a Alhaji, zauna ka saki ƙafar, ni zan danna." Dalili kuwa, in ka tsaya da dukkan nauyinka tafin zai baje, a ɗauki siffar ƙafar a yadda take ciwo.

Ana ɗaukar siffa da akwatin soso mai lotsawa, ko a naɗe ƙafar da bandejin farin garin nan na ɗaurin karaya a jira 'yan mintuna ya bushe a zare shi kamar takalmi, wasu wuraren kuma da na'ura mai ɗaukar hoto zuwa kwamfuta. Ni na fi yarda da bandeji, don a hannun mai awo ƙafar take har ya bushe. Daga wannan ƙwarya ake zuba gunkin ƙafarka, a gasa roba a matse ta a kansa, a goge. Ƙafa biyu za a yi ko da ɗaya ce ke ciwo, in ba haka ba ɗaya ta fi ɗaya tsawo ƙugu ya ɗauka. Kafin ka biya, ka tabbatar gyaran da za a yi bayan ka fara sawa yana cikin kuɗin.

Sati biyun farko

Kada ka yini da ita ranar farko. Awa ɗaya, gobe biyu, jibi uku, a haka har ƙafa ta saba. Jin kamar an sa maka ƙwallo a tsakiyar tafi da ɗan tsamin sha-raɓa ba komai ba ne. Bororo, ko sabon ciwo a gwiwa, ko jan tabo da bai baje ba bayan rabin awa da cirewa, wannan ka koma a goge wurin. Kada ka gyara da kanka.

Mai ciwon suga nasa daban ne, kuma ina roƙon a kula. Ƙafarsa tana iya mutuwa da ji, abu ya ci ta har ya zama gyambo bai sani ba. Tasa insol mai laushi ake yi don raba nauyi, kuma kullum da dare a duba tafin da tsakanin yatsu, ko da madubi. Gwaggona sai da na yi ta fama da ita kan miƙa ƙafa gaban kaskon gawayi da sanyi. "Gwaggo, ki sa safa, ƙafar nan ba za ta gaya miki ta ƙone ba." A girgiza takalmi kafin a sa, saboda tsakuwa.

Sauran abin da ke tafiya da ita ba shi da wuya. Kafin ka sauko daga gado, rataya tawul a gindin yatsu ka ja su wajenka na daƙiƙa 30, sau uku. Da rana ka dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, diddige a ƙasa, ka miƙe sha-raɓa haka nan. Da yamma ka murza gorar ruwa mai ƙanƙara da tafin ƙafa na minti 10. Samu kujera a shago ka riƙa zama in babu ciniki, in akwai ƙiba a rage. Allurar da ake yi a diddige tana kwantar da zafi, amma yawan maimaita ta na iya cinye kitsen da ke ƙarƙashin ƙashin ko ya tsinka jijiyar, don haka likita kaɗai zai yanke wannan. Ciwon yana ɗaukar watanni kafin ya tafi, kada ka yanke ƙauna a sati na uku. Yaro ƙarami mai shafaffen tafi wanda ba ya kukan ciwo a ƙyale shi, kwarin yakan fito da kansa wajen shekara shida.

Ita kanta insol ɗin, ka ciro ta da dare ta sha iska, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a shanya ta kusa da wuta ko a bar ta cikin mota a rana, roba ce, za ta sauya siffa. Duk shekara ka kai a duba ta, a canza fatar saman in ta cinye.