Masu tsohon kaset na wasa, ku juye shi tun da wuri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai tsohon kaset na wasan da ya halarta, don Allah ya ciro shi daga akwati. Ni guda uku na rasa, waɗanda na ɗauka da rikoda a filin biki, Shata na waƙa, kalangu na tashi, ana ta liƙi. Zafi da laima suka cinye zaren. Shata ya rasu a 1999, muryar wannan daren kuma ta tafi ke nan.

Ku kai wa masu turin waƙa a kasuwa su juye muku a memori. Kafin nan ku murza zaren da biro a hankali, kada ya manne. Ku rubuta gari da shekara a jikinsa, kuma ku nisanta shi da lasifika, maganaɗisunta na goge sauti.