Kurakuran da ake ta maimaitawa kan fatar lipid mai caji da iyon cikin ruwa

Ƙannena ƴan fakilte na siyans nan Damagaram, na duba kaye kusan goma satin nan kuma wallahi kuskuren iri ɗaya ne ke dawowa.

Na farko, mutum ya ga lipid, wato kitsen da ake gina fatar ƙwayar halitta da shi, sai ya buga masa caji − kai tsaye. A'a fa. Lipid ɗin da ake kira fosfatidilkolin yana da + da − a kai guda, sun cinye juna, jimla sifiri. Wani lipid ɗin, fosfatidilserin, shi ne ke ɗauke da −1 a pH 7.

Sai masu ɗauko dokar Coulomb, ta ja da turi tsakanin caji, su yi lissafi kamar a iska ake. Ruwa yana raunana jan da ke tsakanin caji kusan sau 80, cikin kitsen fatar kuwa wajen 2 ne kacal, shi ya sa sodiyom ba ya ratsa ta haka nan sai ta ƙofar furotin da ke jikin fatar. Kuma 80 ɗin na wajen digiri 20 ne, in ruwan ya kai 40 irin na randar da aka bari a rana watan Afrilu ya sauko wajen 73.

Inda aka fi faɗuwa dai tsawon Debye ne. Iyon su ne ƙwayoyi masu caji da gishiri ke saki in ya narke, masu + suna taruwa gaban fata mai − su rufe cajinta, nisan da ƙarfin cajin ke kaiwa, wato tsawon Debye, shi ne 0,304 a raba da saiwar murabba'i (racine carrée) ta yawan gishiri a M, wato mol a lita, amsa a nanomita, wato NaCl 0,1 M ya ba ka kusan nanomita 1. To amma wannan formil ta gishiri 1:1 ce, mai iyon +1 da −1 irin NaCl, ku kuma sai ku zuba CaCl2 a ciki yadda yake, alhali sai an fara lissafa ƙarfin iyon, wato yawan gishirin da aka sa girman cajin kowane iyon a lissafinsa, CaCl2 0,1 M yana ba da 0,3 M, gyara nan tukuna. Sauƙaƙan lissafin Debye da Hückel na 1923 ma yana aiki ne in potansiyel, wato ƙarfin lantarkin fuskar fatar, bai wuce wajen milivolt 25 ba, ya wuce sai ka koma cikakken lissafin Gouy da Chapman.

Shi ma lissafin Gouy da Chapman ɗin yana da iyaka, don yana ɗaukar iyon kamar ɗigo marar jiki. Kalsiyom ba rufe caji kawai yake ba, manne wa kan lipid yake, har ya haɗa fata biyu masu − waɗanda a takarda kamata ya yi su ture juna. Wanda ya taɓa wanki da sabulu a ruwan rijiya mai kalsiyom ya ga abin da idonsa, kumfa ta ƙi tashi sai farin dauɗa yana yawo a bokiti. In tambaya ta ambaci Ca2+, ka kawo zancen shimfiɗar Stern ta 1924, wato layin iyon da ke manne jikin fatar, cikin amsarka kafin malam ya ja maka jan biro.