Kafin ka sayi zakaran Shamo ko Asil

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Masu sha'awar dogayen kajin nan, Shamo na Japan da Asil na Indiya, ga abin da na gani a gidana a Samaru.

Kyau dai ba a magana. Zakara ya miƙe kamar soja, ƙirji duk tsoka, kuma in ya barbari kajin Hausa 'ya'yan kan fito da jiki. Kazar Asil kuwa uwa ce ta gaske, tana kwanci sosai, ko shirwa ta sauko sai ta yi kanta.

Sai dai faɗa a jininsu yake. Na taɓa barin zakaru biyu a akurki ɗaya na tafi masallacin Juma'a, na dawo na tarar ɗaya ido a rufe, kai duk jini. Ku ware su tun kafin su fara cara, kowa da ɗakinsa. Ga rashin saurin girma, dusa sai ta ci aljihu. Gashinsu ma gajere ne, 'yan tsakin na son ɗumi da hunturu.

Ƙwai kaɗan suke yi. Mai neman ƙwai gara ya nemi Shika Brown, kazar ƙwai ta NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika. A ba kajin Lasota, rigakafin cutar Newcastle, kafin iskar hunturu ta buso.